Shuɗi na Hagu, Kore na Dama

"…lafiya lau, sai kewar mijina da ya gudu ya bar ni ya tare a cikin mota. Ina kwana, Angona?"

"Ban kwana ba. Mai mata irinki yana barci ne? Miƙo saƙona."

Haka suka fara, ita tana tsaye a bakin rumfa da 'yar leda a hannu, shi kuma rabin jikinsa na cikin bakin mota. Ni ɗinkin kujerun mota nake yi, rumfata tana kallon tasa, don haka ko ban so ba sai na ji. Tsohon dai Mai Kunne muke ce masa a garejin nan, saboda idan ya kafa doguwar sukudirebarsa a jikin inji ya ɗora kunne a kan mariƙin, zai gaya maka silindar da ke ciwo. Ita kuwa jikarsa ce. Bakanikiya ce ita ma, amma a irin garejin nan mai tayil a ƙasa, inda sai an tambayi kwamfuta kafin a taɓa mota.

Motar baƙa ce, doguwa, ta wani likita da ya yi ritaya. Silinda goma sha biyu gare ta, shida a hagu, shida a dama. Shekara goma sha tara ba wanda ya sa mata sifana sai Mai Kunne. Mako uku da suka wuce ya buɗe ta don ya canja wata roba da ke yoyon mai, ya mayar da komai, tun daga nan da ta yi zafi sai kakkarwa da baƙin hayaƙi. Ɗan likitan ya gaji. Ya ce ƙarfe sha biyu na ranar janwe zai zo ya ja ta zuwa wani gareji, a ciro injin a bai wa masu tsoffin ƙarafa, a sa mata ɗan ƙaramin inji irin na motar haya, wanda kowane bakanike ya iya.

"Kin sayo?" Tsohon ya ɗago yana goge hannu.

"Na sayo, na kuma sha kunya. Mai shago ya ce jan farcen na wa ne, na ce na mijina ne, shekararsa saba'in da huɗu. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri."

"Da kin ce naki ne da ya fi tausaya miki. Dubi farcen nan, kamar na mai sayar da gawayi."

"Gado na yi. Wa ya fara sa ni wanke fulogi ina 'yar shekara bakwai?"

"Na zaci za ki yi hankali ki gudu. Ashe ba ki da shi."

Ya karɓi ledar, ya zaro ƙananan kwalabe biyu. Ya kai su kusa da fuskarsa, ya fito bakin rumfa inda rana take, ya jujjuya su.

"Kin gani ko? Aike ɗaya ya gagare ki. Na ce shuɗi da kore, kin kwaso mini iri ɗaya guda biyu."

Ta dubi kwalaben. Ni ma daga inda nake zaune na dube su. Ɗaya shuɗi ne shar, ɗaya kore kamar ɗanyen ganye. Ta ɗago ta dubi idonsa.

"Mai shagon ne ya cuce ni," ta ce. "To wai me za ka yi da shi? Sabuwar kwalliya ka fito da ita?"

"Jahila. Zo ki ga ilimi." Ya ja ta bakin motar. "Injin nan biyu ne a jiki ɗaya. Hagu da ƙwaƙwalwarsa, dama da tasa. Kowane soket na hagu yana da ɗan tagwayensa a dama, ko uwarsu ba za ta bambanta su ba. Kamfani ya manna musu takardu, zafi ya cinye takardun tun motar tana da shekara bakwai. Sai na ɗauki jan farcen kakarki, Allah ya jiƙanta, na ɗiɗɗiga musu. Shuɗi na hagu, kore na dama. Ba ya goguwa, ba ya tsoron mai."

"A ina ka rubuta wannan?"

Ya buga goshinsa da yatsa.

"A nan? Wannan ɗakin ajiyar da rufinsa ke yoyo?"

"Rufin nan ya riƙe motar nan tun kafin ki iya ɗaura zani."

"Ni dai gaskiya zan faɗa maka, Angona, ɗan likita bai yi ƙarya ba. Waɗanda suka ƙera wannan abin ba su ƙera shi don ya tsufa ba. Robar da ka canja, girmanta nawa?"

"Kamar zobe."

"Kwana nawa ka yi kafin ka kai gare ta?"

"Uku."

"Kwana uku! Ka kwance rabin inji don zobe ɗaya. Duk robar da ka taɓa a hanya ta farfashe kamar biskit. Motar haya fa? Kafin ka sha ruwa an gama."

"Motar haya! Ki haɗa wannan da motar haya? Wannan idan tana lafiya, ki cika kofi da ruwa har baki ki ɗora a kan injin yana aiki, ko ɗigo ba zai zuba ba."

"Yanzu kuwa ko bokiti ka ɗora sai ta yi wurgi da shi."

"Zazzaɓi take yi. Ke ba kya zazzaɓi?"

"Ni idan na yi zazzaɓi akwai maganina a kasuwa. Ita fa? Kamfanin da ya haife ta ma idan ka je masa, cewa zai yi ka sayi ƙanwarta."

"Ai ni ma haka mutane suka ce mini a kanki, na ce a'a, zan yi ta lallaɓa tsohuwar."

"Ni ce tsohuwar?"

"Kunnenki ne ya tsufa. Matashiya da ke, inji na magana ba kya ji sai allo ya fassara miki."

Ta buɗe jakarta ta ciro allon kwamfutar nan nata, ta jona wayarsa a ƙarƙashin sitiyari. Tsohon ya tayar da motar. Da farko muryarta lafiya lau, har ya fara kallon jikar tasa ta gefen ido. Bayan 'yan mintoci ta yi zafi, sai kakkarwa ta fara, madubin gefe yana rawa, baƙin hayaƙi ya cika mini rumfa. Na saba.

"Me malamin naki ya ce?"

"Ya ce sensa biyu sun mutu, na salansar hagu da na dama."

"Hancin nan masu shinshinar hayaƙi su gaya wa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai ko ta rage?"

"Su. A wurinmu sai mu cire mu sa sababbi."

"To sa mana."

Ta daddanna wayarta, ta jima tana dannawa. "Sun daina yin su."

"Yau kika sani? Waɗanda ke ciki ma daga wata mota da ta yi haɗari na ciro su, shekara biyar ke nan. Kuma ki gaya wa malamin naki ƙarya yake yi. Abu biyu ba sa mutuwa rana ɗaya sai in haɗa baki suka yi."

Ya ɗauko doguwar sukudirebar, ya kafa a hagu ya ɗora kunne, ya lumshe ido. Ya koma dama ya yi haka.

"Dama ta ƙoshi har tana shaƙewa. Hagu yunwa take ji. Mako uku ina jin wannan, na rasa dalili. Na wanke, na busa, na gwada, komai lafiya."

"Sake faɗa."

"Kin kurumce ne? Ɗaya ana ɗura mata mai, ɗaya ana hana ta."

Ta kashe motar da kanta. Ta ɗauki tocila ta leƙa can bayan injin, inda ya kusa manne da jikin mota, ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, fuskarta ba irin ta ɗazu ba ce.

"Angona, waɗannan biyun na can baya su ne na sensa?"

"Su ne."

"Ka cire su da ka buɗe?"

"Dole. Ba ka wucewa sai ka cire su."

"Wayar da ke shiga soket ɗin hagu, wane launi ka ɗiga mata?"

"Sau nawa zan faɗa? Shuɗi na hagu."

"Zo ka duba mini. Ka san matarka ba ta da hankali."

Ya karɓi tocilar ya sunkuya. Ya matsa, ya ja baya, ya goge idonsa da bayan hannu, ya sake matsawa.

"Shuɗi ne," ya ce.

"Kaka," ta ce a hankali, "kore ne."

Tun da nake jin su ban taɓa jin ta kira shi haka ba. Kuskuren kuwa ko ni mai ɗinki na gane shi. Ashe da ya mayar da komai ya juya wayoyin biyu. Ƙwaƙwalwar dama tana jin kukan yunwar hagu tana ƙara wa dama mai, ta hagu tana jin dama ta ƙoshi tana rage wa hagu. Tausayin tsohon ya kama ni, na mayar da kaina kan kekena kamar zare ne ya tsinke.

"Zafi ne ya canja launin," ya ce.

"Kwalaben da na kawo ɗazu fa? Su ma zafi ne?"

Ya je ya zauna a kan tsohuwar tayar da yake hutawa a kai, ya ajiye tocilar tana ci.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Ya kai shekara. Kamar hayaƙi ne da ya ƙi washewa."

"Shekara! Ba wanda ka gaya wa?"

"In gaya wa wa? Wa zai kawo mota wurin bakaniken da ba ya gani? Ni kaɗai na rage mata. Ranar da aka ce na kasa, ranar za a ciro ta."

"Shekara goma sha tara kana gyara motar likita, ba ka taɓa cewa ya duba maka ido ba?"

"Likitan ƙashi ne."

Ta so ta daure, dariyar ta ƙwace mata. Shi ma gefen bakinsa ya motsa.

"To tashi, makaho, sha ɗaya saura kwata. In ka zauna nan janwe zai haɗa da kai."

"Wa kike ce wa makaho? Ai da idona lafiya da ban aure ki ba."

"Yanzu ka faɗi gaskiya. Ni ma na yi ta mamakin yadda ka ga kyakkyawa kamata kana ta ƙorafi."

Suka jira injin ya ɗan huce. Ta naɗe hannun riga ta zura hannu bayan injin, ta kama soket ɗin za ta ja.

"Kul!" Tsawar da ya daka sai da allura ta soke ni. "Kada ki ja! Ɗan harshen da ke riƙe shi ya bushe. Idan ya karye, ki je kabarin kamfanin ki tono wani."

"To ya ake yi?"

"Cire wannan hannun mai kama da rodi. Ke ki riƙe fitila."

Ya zura nasa hannun. Bai ma kalli wurin ba, kansa na sama yana duban rufin rumfa, yatsunsa kaɗai ke tafiya.

"Ki danna ta ƙasa da babban yatsa, ki ɗan girgiza kamar kina cire wa yaro haƙori. Kin ji? Ƙas. Ya fito. Ga ɗayan. To, mai ido, wanne na riƙe?"

"Kore."

"Dama ke nan."

"Ba nan ba, wannan hagun ne kake nufa."

"Na sani, gwada ki nake yi."

"Mako uku kana gwada ni?"

"Yi mini shiru, ina aiki."

Ƙas. Ƙas. Ya zaro hannu, fatar ta ɗan gurje, bai kula ba. Ita ta koma kan allonta.

"Me kuma kike tambayar maƙaryacin nan?"

"Ba tambaya nake ba. Ƙwaƙwalwar ta yi mako uku tana koyon ƙarya, sai na goge mata ta fara sabo. Sukudirebarka ta iya wannan?"

"Da ana goge ƙwaƙwalwa haka da na kai ki tuntuni."

"Da na riga ka, in goge ranar da na ce ina son ka."

Ya tayar da motar. Duk mun san da sanyi ba ta nuna halinta. Allurar zafi ta tashi a hankali ta tsaya a tsakiya. Na dubi madubin gefe, bai motsa ba. Tsohon ya kafa sukudireba a hagu, ya kafa a dama, ya miƙa mini hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Maƙwabci, ara mini kofinka."

Na cika shi da ruwa har baki na kai masa. Ya ɗora a kan injin. Ruwan ya tsaya cak.

A haka ɗan likitan ya same mu, janwe na biye da shi. Ya dubi kofin, ya zagaya baya ya dubi salansa, ya kira mahaifinsa ya kara wayar kusa da injin don ya ji. Bayan ya kashe wayar ya sallami mai janwe.

"Baba ya ce a bar ta," ya ce. "Amma ni na san wata za ta sake tashi. Ranar da Baba Mai Kunne ya ce ya gaji, wa zai taɓa ta?"

Ya ce gobe direba zai zo ya ɗauka, ya tafi.

"Ka ji tambaya," ta ce bayan ya fita.

"Na ji rashin kunya."

"Da na leƙa ciki na ga ɗigon ja, na ga fari, na ga wani mai ɗigo biyu. Me suke nufi?"

"Sirrin miji ne."

"Zan kawo littafi, ka faɗa ina rubutawa. Ran Litinin kuma in kai ka a duba idon nan. Yana ce, cirewa ake yi, ka dawo kana ganin munin kanka a madubi."

"In faɗa miki sirrina ki sake ni ki auri kwamfuta?"

"Kwamfuta ta fi ka haƙora."

"Amma ta ce sensa sun mutu."

"Kai kuma ka ce kore shuɗi ne."

"Ni na ji ciwon."

"Ni na gan shi."

"Da ban ji ba da ba ki gani ba."

"Da ban gani ba da yanzu tana kan janwe, kana bin ta a guje da sukudireba."

Tsohon ya juya. Ya ɗauko kwalaben nan biyu daga kan benci, ya riƙe su a tafin hannu ɗaya yana dubansu. Wayoyin da ya taɓa duk suna jiran a ɗiga musu alama, abin da ya sa ya yi aiken ke nan tun farko.

"Amarya," ya ce, "wanne ne shuɗin?"

Ba ta yi masa tsiya ba. Ta ɗauki ɗaya ta saka masa a hannun hagu, ta saka ɗayan a hannun dama. Ya jinjina su, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Kin ci. Ungo." Ya miƙa mata su duka biyu, ya ɗora mata doguwar sukudirebar a kai. "Wannan kuma aro ce, ba kyauta ba. Ki koyi ji kafin Litinin, kada a buɗe mini ido in ga abin da na aura in karɓe kayana."

Ta zaro littafi daga jaka, ta zauna a kan tayarsa, ta cire murfin biro da haƙori.

"Ina ji."

"Ja, abin da na canja da hannuna. Fari, na kamfani ne, kada a taɓa shi sai dole. Ɗigo biyu, na ƙarshe ke nan a duniya, in ya karye ki yi salati." Ya leƙo kan littafin, ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa takarda. "Mene ne wannan kike yi kamar sawun tururuwa? Rubuta da manyan baƙi. Wata rana ke ma za ki tsufa."